Tsinken Tsintsiyar Asabe

Duk macen da ta yi aure a ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad, daga shekarar da Turawa suka bar Sudan zuwa shekara goma sha biyar bayanta, da rigar da Asabe ta ɗinka ta shiga ɗakin miji. Ni Talatu ina cikinsu. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka. Guzuri ya ƙare musu a nan yankin Jazira, suka tsaya tsintar auduga, wai na shekara ɗaya. A nan aka haife ta, a nan aka binne su. Ta auri Mato, wanda ke noma hawashar wani Balarabe, wato gonar audugar da ake ba ruwa daga tur'a, babbar magudanar ban ruwa. Allah bai ba su haihuwa ba. Wata shekara da auduga ta yi kyau, Mato ya je kasuwar garin Hajj Abdalla ya dawo da tsohon keken ɗinki na hannu a bayan jaki. Mariƙinsa a karye yake, sai ya sassaƙa masa wani daga ƙotar tsohuwar fartanya. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Asabe ko kallonmu ba ta yi ba.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne wasu siraran ninki da take jerawa a ƙirjin riga. Mu kunyoyi muke ce musu, don haka suke miƙewa kamar na gonar auduga. Ba ta da awo, ba ta da alli. Za ta zare zare ɗaya daga jikin yadin, ya bar mata layi miƙaƙƙe, ta ninke a kansa, ta murje da farcen babban yatsa. Sannan ta ciro tsinken tsintsiya daga kitsonta ta kwantar a bakin ninkin, ta bi gefensa da allurar keken a hankali. Kaurin tsinken shi ne faɗin ninkin. In ta gama jere, ta kwantar da su duka gefe guda da dutsen guga na gawayi. Na taɓa tsokanarta na ce ta sayi abin awo kamar telolin kasuwa, ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Huseina 'yar ƙanwarta ce. Uwar ta rasu wajen haihuwar tagwaye, Hassana ta bi ta bayan kwana uku, Asabe ta ɗauki wadda ta rage. Da ita a goye take juya keken nan. Yarinyar ta tashi tana ce mata Iya, kuma ba ta san wata uwa ba. Ba wanda Asabe ta yarda ya taɓa mata keke, har Mato, sai Huseina. Ta koya mata zare zaren, ta koya mata murzar farce, ranar da Huseina ta fitar da jere na farko ba karkata Asabe ta soka mata tsinke a kitso da hannunta. Ran nan sai da ta leƙo ta katanga ta kira ni in zo in gani.

Mato ya rasu, Huseina ta girma. Wani Zakariya, ma'aikacin ofis a Wad Madani, ya gan ta a wani biki, suka daidaita kansu. Ranar da za a kai ta, na ga ana ɗora keken a kan lori tare da kayan ɗaki. Na ja Asabe gefe.

"Yaya Asabe, makanar ɗinkin za ki ba ta? Ke da mi za ki ci abinci?"

"Ina da allura," in ji ta. "Ɗiyata za ta birni, ba ta tahiya hannu wofi."

Shekarar farko gaisuwa na zuwa ta bakin direbobi, har da sukari da ganyen shayi. Ta biyu gaisuwar kawai. Daga nan shiru. Labari dai muna ji: wai akwai wata mai ɗinki a Madani, Su'ad, matan manya na layi a ƙofarta saboda kunyoyi. Da muka gane Huseina ce ta sauya suna, Asabe ta yi murna abinta. Ta ce sunan birni ne, ba komai.

A shekara ta huɗu muka ji Huseina ta haifi mace. Ba a aiko ba, amma Asabe ta nemo mata uzuri da kanta, ta ce hanya ce da nisa. Ta sayi farin yadi, ta zauna da allurar hannu tana yi wa jaririyar riga. Idonta ya fara rauni, ni nake zura mata zare. Kunyoyi goma sha biyu ta jera a ƙirjin da bai fi tafin hannuna ba, ta yi wata guda a kai. Burinta ɗaya ne: ta sa wa jikarta rigar da hannunta, a ce ga kakarki. Ta ƙulle ta a ɗankwali, na raka ta Madani.

Mun sami gidan da hantsi. Ɗakin gaba cike da mata cikin fararen tob, lulluɓin matan Sudan, ƙamshin turare kamar ka ɗiba. Ga Huseina a tsakiya tana juya keke, hannunta a kan ƙotar fartanyar Mato, tsinken tsintsiya a kitsonta. Asabe ta matse min hannu don daɗi.

"Huseina, ɗiyata," ta ce.

Keken ya tsaya. Huseina ta ɗago ta dube mu, ta amsa da Larabci, irin amsar da ake yi wa mai talla. Wata daga cikin matan ta tambaye ta su wane ne. Mu ma muna jin Larabcin, a cikinsa muka tashi. Huseina ta ce, "Wata Fallata ce daga ƙauye, da can takan yi wa mahaifiyata wanki." Fallata shi ne sunan da ake kiran duk wanda kakanninsa suka fito daga yamma, kuma a bakin wasu zagi ne. Matar ta kau da kai daga gare mu, ta nuna tsinken tana dariya, ta ce wannan fa? Huseina ta ce dabarar wata Bagirkiya ce da ta koya mata ɗinki a Khartum.

Aka zagaya da mu bayan gida, wajen murhu, aka kawo mana shayi. Ni ban sha ba. Da Asabe ba ta taka min ƙafa ba da na koma ɗakin nan na tona asiri. Can sai ga Huseina, tana waige, ta durƙusa, Hausarta ta dawo.

"Iya, ki yi haƙuri. In sunka san ni Bahausa ce, ba mai sake kawo min ɗinki. Dangin Zakariya ma ba su sani ba."

"Ina ɗiyar?" in ji Asabe.

"Tana ciki, wajen uwar mijina. Ba ta hitowa yanzu, Iya."

Asabe ta dube ta, ɗankwalin na kan cinyarta. Na ɗauka za ta yi faɗa, ko ta yi kuka. Sai kawai ta ce, "Na ji makanar tana ƙara. Ki riƙa sa mata mai." Ta miƙe da ƙullinta.

A bayan lori na zazzage abin da ke cikina. Na ce Huseina kaza ce, ta ci ta goge baki. Na ce ai wankin gaskiya ne, wa ya wanke mata tsumma tun tana jinjira? Asabe ta kwance ɗankwalin, ta ciro allura daga gefen zanenta, ta shiga warware kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, lori na girgiza, iska na kwashe guntayen zaren. Kafin mu iso Wad Haddad ta gama.

Ta ƙara shekara shida a duniya, tana facin tsofaffin kaya tana tsintar auduga in lokacinta ya zo. Ba ta sake yin kunyoyi ba. In amarya ta roƙe ta, sai ta ce, "Ku tahi Madani, akwai wadda Bagirkiya ta koya wa." Ba ta taɓa zagin Huseina ba, ni ce na yi mata wannan aikin, kuma har yau ban gaji ba. Amma in ta ji ƙarar lori da yamma, sai na ga ta fito ƙofar gida kamar mai neman akuya.

Da ta rasu, ni na buɗe akwatinta. Ba wani abin kirki a ciki, sai ɗankwalin nan a can ƙasa. Na kwance shi na ɗaga 'yar rigar a hasken ƙofa. Ƙirjin ya baje sumul, ta goge shi da dutsen guga, amma hujin allurar na nan, layi goma sha biyu, ko ɗaya bai karkace ba.