Ramatun Safara'u

A Yankara, Safara'u mai daddawa ake ce mata. Daga Yargoje aka auro ta, aka kawo ta gidan Rabo, manomin dawa wanda magana ba ta dame shi ba. Sun daɗe tare Allah bai ba su haihuwa ba. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, har ta gaji ta bari. Idan mata suka taru wurin suna ana hirar goyo da yaye, ita wurin murhu take komawa tana gyara wuta.

Rabo yana da ƙane, Inusa. Wata damina matar Inusa ta rasu ta bar jaririya mai suna Ramatu. Bayan an share makoki, Inusa ya shigo da yarinyar a hannu, ya durƙusa gaban wansa.

"Yaya, ga ta nan. Ni ban san yadda zan yi da ita ba."

Rabo ya karɓa ya miƙa wa matarsa. Daga nan Inusa ya tafi Kaduna neman aiki a masaƙa.

Da madarar shanu da kunu Safara'u ta rayar da ita. Tana dakan kalwa da ita a baya, tana zuwa rijiya da ita a baya. Rabo, wanda bai saba dariya ba, sai ga shi yana dawowa daga kasuwa da rake a aljihu, yana tsayawa a bakin ƙofa yana tambaya ko ta ci abinci. Mutanen unguwa suka koma cewa Ramatun Safara'u. Yarinyar ta buɗe baki da kiran ta Inna. Yanzu idan an je suna, Safara'u tana zama cikin mata, har takan ba amare shawarar maganin haƙori.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka ƙara wa ma'aikata albashi. Inusa ya zo gida a kan sabon babur, ya yi ƙiba, ya sake aure. Ya ce an buɗe makarantu ko'ina, yana so ɗiyarsa ta yi boko a Kaduna. Bai yi rashin kunya ba, a ƙasa ya zauna gaban wansa, ya yi ta godiya.

Safara'u tana jin su daga tsakar gida. Ta jira Rabo ya ce a'a. Abin da ta ji ya ce shi ne, "Ɗiyarka ce."

Ita ta yi wa yarinyar kitso, ta ɗaure mata kayanta a ɗankwali. Ramatu tana ta murnar hawa babur, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Safara'u ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole. Bayan girbi ta tattara kayanta ta koma Yargoje, ta ce babu abin da ya rage a tsakaninsu. Rabo ya bi ta a keke. Ya same ta tana sussukar gero a gidan yayanta.

"Kin ga laifina," in ji shi.

"Ko kalma guda ba ka ce don a bar mana ita ba, Malam."

"Da na ƙara buɗe baki kuka zan yi gaban ƙanena. Gidan ya yi mani faɗi. Kafin yarinyar ta zo ma, ke nike dawowa in tarar."

Ta ci gaba da sussukarta. Amma da kasuwar Yankara ta zagayo, aka gan ta a wurin zamanta da faifan daddawa.

Ramatu ta yi karatu, ta zama malamar asibiti. Da farko takan zo hutu, daga baya sai saƙon gaisuwa da turmin atamfa. Aurenta ma a bakin wani direba suka ji an sa rana, suka je aka zaunar da su cikin baƙi.

Su biyu suka tsufa a gidan. Da idanun Rabo suka mutu, ita take riƙe masa sanda zuwa ƙofar masallaci, ta koma gefe ta jira a idar. Ya rasu da bazara, kafin ruwan shuka. Ita ta ƙara shekara biyu a duniya, ba ta yarda ta koma Yargoje ba duk yadda danginta suka matsa mata.