Ranar da Muka Nemi Jan Zakara a Birni

Shekaranjiya maigidana ya shigo da ragowar fenti a gwangwani, ruwan ɗorawa, wanda ya saura bayan sun shafe ƙofar shagon injin casa inda yake aiki. Ya tura shi bayan randa, ya ce kada yara su taɓa. Ni kuwa tun da warin nan ya bugi hancina na kasa ci gaba da tsintar shinkafar da ke gabana. Wari ne mai hawa kai, mutane ba sa son sa. Amma ni mayar da ni ya yi wata rana ta rani, ina 'yar shekara takwas ko tara, rungume da kaza a tsakiyar birnin Kano.

Bari in faro muku daga gida. Ƙauyenmu yana bakin babban kanal na ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin da ko'ina ya bushe, mu a lokacin muke kore shar. Da safe iska na kawo ƙamshin ganyen tumatir da jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hantsi kuma hayaƙin matan da ke turara shinkafa ya rufe gari. A ɗakin Iya nake kwana, kakata wadda ta haifi Baba. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya da saurin baki, sai dai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ni kuma tun ina ƙarama matsoraciya ce. Kullum idona a ƙasa, ina duban kunama, ina duban ƙaya. Iya kan ce, "Wannan yarinya, sai ka ce allurarta ce ta faɗi tun ranar suna."

Wata safiya direban da ke kai tumatir birni ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Gwaggo, autar Iya, ta haihu. An shirya sai wata mai kamawa za ta dawo gida ta haihu a gaban uwarta, tunda haihuwar fari ce, sai jaririyar ta yi gaggawa. Unguwar da suke sabuwa ce, maƙwabtan duk amare ne irinta, babu babbar mace ko ɗaya. Iya ba ta yi guɗa ba. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wa zai dafa mata ruwan wanka?" A wurin Iya, mai jegon da ta kwana biyu ba wankan ruwan zafi, sanyi ya shige ta ke nan har tsufa.

Matsalar ita ce Iya ba ta taɓa taka gidan ba. Uwa ba ta kai 'yarta ɗaki, ga kuma kunyar suruki. Baba ne kaɗai ya san wurin, don yakan kai musu shinkafa. To amma ranar ce aka sako ruwa a layinmu, tumatir ya yi fure, in ya bar gona ruwan ya wuce, aikin rani ya tafi. Innata kuma ciki ya tsufa. Baba ya ce a yi haƙuri zuwa jibi.

"Jego ba ya jiran ruwan kanal," in ji Iya. "Faɗa mini hanya."

Baba bai yi boko ba, mu ma haka. Shi birni da zanen bango yake gane shi. Ya tsuguna a tsakar gida, ya kira ni, ya ce in buɗe kunne. In mun sauka a gidan mai, mu miƙe har mu ga babban kifi a bango. Daga nan sai kawunan aski. Daga nan sai makaranta mai giwa. Gaba kaɗan akwai jan zakara, ƙato, a bangon mai sayar da abincin kaji, ko makaho ya gan shi. Lungun da ke jikin zakaran za mu shiga. Ya sa na maimaita har sai da na haddace kamar karatun allo.

Iya ta ɗaure kayanta: gero, kanwa, yaji, man shanu, da damin ganyen darbejiya na wanka. Ni aka miƙo mini kaza, an ɗaure mata ƙafa. Iya ta dube ni ta ce, "Ni ce ƙafa, ke ce ido. Yau dai ki ɗaga kan nan."

Na kuwa ɗaga. Tun a hanya na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba. Bayan kowace babbar mota da zanenta, wata zaki, wata ɗawisu ya baza wutsiya, wata dabino biyu da rana tana faɗuwa a tsakani. Da muka sauka kuwa, sai na ga ashe bangon birni magana yake yi. A ƙauye bango bango ne, jar ƙasa, sai in Sallah ta zo a shafa farar ƙasa. A nan kowane shago ya zana abin da yake sayarwa, don irinmu da ba ma karatu.

Kifin ba mu sha wuyar samun sa ba. Ya fi ni tsawo, shuɗi, yana murmushi, har da gashin ido. Na kwatanta wa Iya, ta matsa ta ƙura masa ido, ta ce, "Ikon Allah. Kifin birni har kwalli yake sawa."

A wurin mai aski ne ta ba ni kunya. Kawunan maza ne a jere, kowanne da irin askinsa, duk sun juya gefe guda. Iya ta hangi mutane a jikin bango, ta gyara mayafi, ta rage murya ta ce, "Sannunku da hutawa." Shiru. Ta sake gaishe su. Na ja zaninta na ce, "Iya, zane ne." Ta yi tsaki ta wuce, tana cewa ai ko zane ne ya kamata a koya masa amsa gaisuwa.

Makarantar ma mun same ta. Ga giwa, ga jirgin sama, ga wani mutum a tsaye an buɗe cikinsa, hanji da huhu duk a waje, shi kuwa ko a jikinsa. Iya ta yi a'uziyya ta ce wane marar imani ne ya feɗe bawan Allah a gaban yara. Muna ta dariya. A raina na ce ashe birni ba wuya.

Sai zakara ya ce bai san zancen ba.

Muka miƙe har ƙarshen titin, babu shi. Muka dawo wurin giwa, muka sake. Na ga butar shayi tana zuba kanta a kofi ba hannun kowa. Na ga ɗan dambe ya ɗaga dunƙule. Na ga uwa tana ba jariri magani a cokali, na ga wata babbar riga fara sol a bangon tela, ta baza hannu, ba kai ba wuya, fentinta sabo har yana wari. Lunguna kuwa ga su nan birjik, kowanne kamar ɗan'uwansa. Amma ko gashin zakara ban gani ba.

Iya ta fara tambaya. Ta tsayar da wani mai tura ruwa ta ce, "Ɗan nan, ina jan zakara yake a nan?" Ya dube ta, ya dubi kazar da ke hannuna, ya ce, "Iya, miji kike nema mata?" Masu zaman bakin titi suka kwashe da dariya. Wani dattijo mai goro ya tausaya, ya ce ta faɗi sunan maigidan, wataƙila ya san shi.

Iya ta ja baya kamar an watsa mata ruwa. "Ni? In kama sunan surukina a bakin titi?"

Ya juyo gare ni. Ni kuwa mijin Gwaggo kawai na sani. Iya ta sunkuyo ta raɗa mini wai sunansa ɗaya da na ladanin garinmu. Na yi tunani, na yi tunani, na ce, "Sunansa Ladan." Dattijon ya riƙe baki don kada ya yi dariya, ya ba Iya goro, ya ce Allah ya sa a dace.

Rana ta take. Azahar ta wuce mun yi salla a wata rumfa, kazar ta buɗe baki tana haki, ganyen darbejiya ya yi laushi a kan Iya. Dama tun a gida Baba ya ce in har la'asar ta yi sanyi ba mu samu ba, mu koma gidan mai mu nemi motar gida, kada dare ya same mu. Muka zauna a inuwar wata katanga, daura da shagon telan nan. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: Iya ta yi tagumi. Can ta ce, ba da ni take ba, "Yau ma za ta kwana ba ruwan zafi." Ni ce ido, kuma idon bai yi aiki ba. Kaina ya koma inda ya saba, ƙasa.

Aka kira la'asar. Telan da yaransa suka fito, suka ɗauke dogon bencin da ke jingine da bango don su shimfiɗa tabarma. Ina kallon ƙafafunsu, sai na ga wasu ƙafafun. A ƙarƙashin babbar rigar nan, daidai inda bencin ya tashi, ga ƙafafu biyu ruwan ɗorawa, sirara, masu yatsu a baje da ƙumba.

Dariya ce ta fara kuɓuce mini. Na ce, "Iya, rigar can ƙafar kaza gare ta."

"Yunwa ce ke damun ki."

"Wallahi Iya, ƙafar kaza ce. Babba."

Ta yi zumbur ta miƙe. Da ƙyar ta iya jira suka sallame. Ta tsallaka, ta durƙusa a gindin bangon, ta kai fuskarta kusa, ta bi yatsun da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗago ta dubi telan.

"Ɗan nan, ina zakaran da ke nan?"

"Ai Iya, an yanka shi satin jiya. Mai abincin kaji ya tashi, ni na karɓi shagon."

"To wanda ya yanka muku bai iya aiki ba. Ya bar ƙafa."

Telan ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce fenti ne ya ƙare wa mai zanen daidai gwiwa, shi kuma ya ga benci ma ya isa ya rufe sauran. Iya ta ce Allah ya yi wa fentin da ya ƙare albarka. Ta ɗauki kayanta ta faɗa lungun, ina bin ta da gudu.

Gidan ba nisa. Kukan jaririya ne ma ya yi mana sallama. A ƙofar gidan kuwa ga wata ƙatuwar bishiyar darbejiya, ganye har ƙasa. Na dubi bishiyar, na dubi damin da Iya ta wuni tana ɗauke da shi. Ta ce, "Rufe mini baki. Na birni ba shi da ɗaci."

Gwaggo na ganin mu ta fashe da kuka, tana dariya a ciki. Iya ba ta rungume ta ba, ba ta ma kalli jaririyar ba tukuna, irin kawaicinsu na manya. Cewa ta yi, "Ina babbar tukunya? Ina itace?" Kafin magariba wuta ta kama, tururin darbejiya ya cika gidan, ina jiyo Gwaggo a bayan ɗaki tana ihun zafi, Iya na cewa, "Yi ta yi, sanyin ne ke fita." Da aka dafa kazar, mai jego aka ba naman duka. Iya ta tsamo ƙafafun biyu ta sa mini a murfin kwano, ta ce, "Ungo. Ke kika gano su."

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Jaririyar nan yanzu budurwa ce, har ta fi ni tsawo. In na shiga birni kai yara asibiti, daga cikin adaidaita nakan leƙa ina neman zane. Akwai manya masu kyau a jikin gadoji da katangun makarantu, launi kala-kala, wasu ban ma san me suke nufi ba, amma ina son su. Sai dai masu shaguna yawanci sun daina kiran mai zane. Hoto ake bugowa a leda a rataya, rana ta cinye shi, a cire a yar, ba ya barin ko ƙafa. Hanya kuma waya ake tambaya.

Ni dai har yau matsoraciya ce, haihuwa ma ƙara mini ta yi. Babbar 'yata ta fara zuwa Islamiyya da yaran maƙwabta, layinmu kuma gidajen duk iri ɗaya ne, baƙar ƙofa, baƙar ƙofa, ga kanal a bayan layin. Kullum sai na tsaya a zaure ina leƙen hanya har ta dawo.

Jiya da maigidan ya fita, na jawo gwangwanin nan daga bayan randa. Na tauna bakin kara ya yi laushi, na tsuguna a waje, na zana ƙafafu biyu a gindin bangonmu, daidai tsayin idon 'yata. Da ya dawo ya tsaya yana kallo, ya ce ba ya son zanen abu mai rai a gidansa. Na ce ya duba da kyau, ba kai, ba rai, an riga an yanka. Ya girgiza kai ya shige yana dariya.

Da yamma ina zaure na jiyo muryar 'yata tun daga bakin layi, tana jan hannun ƙawarta. "Ba nan ba ne, ke! Namu mai ƙafar kaza ne."