Farken Kawu Nata'ala

Kawu Nata'ala wan mahaifiyata ne. Daga Gumel ya zo Legas tun ba a haife ni ba, ya zauna a Agege, yana aikin lodi a Ketu: albasa, tumatur, duk abin da manyan motoci suka sauko da shi daga arewa. Asabar da Lahadi kuwa garaya yake kaɗawa a gidajen suna da biki, kuma da ita aka fi saninsa a unguwa.

Garaya tsirkiya biyu gare ta, kuma ba da yatsa ake kaɗa ta ba. Akwai 'yar busasshiyar fata mai tauri da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni, ana ce mata farke. Na Kawu na fatar dorina ne, baƙi, ya yi sulɓi saboda daɗewa. Maigidan da ya koya masa kiɗa ne ya bar masa shi.

A watan Maris na 2002 murfin bayan wata mota ya faɗo masa a hannun dama. Ƙashi bai karye ba, ciwon ma ya warke cikin wata guda, amma babban yatsan ya daina ji. Ko allura aka soka masa sai ya gani da ido kafin ya sani. Buhu bai gagare shi ɗauka ba. Farke ne ya gagare shi, don hannun ba ya sanin ko ya riƙe ko ya saki.

Fitarsa ta farko bayan ciwon, suna ne a gidan Alhaji Bature. Sau uku farken yana suɓucewa. A na ukun ya tashi ya faɗa cikin kwanon miyar taushe. Mata suka yi dariya, ba da mugunta ba, shi ma ya yi. Da ya koma gida sai ya rataye garayar a ƙusa.

An riga an sa bikin 'yarsa Iyatu a watan Agusta. Shekara ashirin yana yi wa 'ya'yan mutane kiɗa, ita kuma ita kaɗai ce mace a cikin nasa. Mahaifiyata ta kawo shawarar a nemo wani makaɗi daga Oyingbo. Iyatu ta ce, "Baba, in ba kai ba ne, a bar kiɗan. A ci shinkafa a watse."

Kawu yana da aboki, Hamani, mutumin Dosso da ke gadin wani gidan ajiyar kaya kusa da Iyana Ipaja. Shi jita yake kaɗawa. Wata Lahadi da hantsi ya zo da 'yan robobin da ake kaɗa jita da su, ja da shuɗi, ya zube su a kan tabarma.

Kawu ya ɗauki jar, ya gwada. "Wannan ai kukan sauro ne."

"Sauron ma ana jinsa, tsoho," in ji Hamani, wanda a bakinsu na Dosso babbar mota kamyo ce. "Kai da kamyo ya cinye wa yatsa, har kana da bakin zaɓe?"

"Yatsa ya ci, bai ci kunne ba."

Robar ta fi tsohon farken santsi, ba ta yi minti ɗaya a hannunsa ba. Daga baya Hamani ya yanko masa wani daga katin waya, lokacin salula ta shigo ana zubar da katunan a titi. Ya manne uku wuri ɗaya, suka rabe. Suka gwada ƙahon saniya. Shi ya ɗan zauna a hannu saboda kaushi, amma ya tsinke tsirkiya biyu a yini ɗaya.

Shitu, badukun da ke zama kusa da tashar jirgin ƙasa, shi ya gane inda matsalar take. Ya ce su daina neman abin da yatsa zai riƙe, a nemi abin da zai riƙe yatsa. Zai ɗinka wa farken zobe na fata a zura babban yatsan ciki. Sai dai da ya duba na dorinar ya ce ya tsufa, basilla na taɓa shi zai tsage. Sabuwar fata ake so, ta wuyan bijimi, wadda ba a babbaka ba.

Kawu ya tafi mayanka wurin Alu mahauci.

"Fata kake nema, a Legas?" in ji Alu. "Nata'ala, a garin nan fata nama ce. Kafin saniya ta gama shure-shure matan pomo, masu sayar da ganda, sun kama layi."

"Kamar tafin hannu nake so."

"Tafin hannun ma gandar mutum uku ce."

Ya yanko masa dai. Aka kankare gashin, aka kafe ta a kan katako. A Gumel kwana huɗu ya ishe ta bushewa. Nan kuwa Yuli ne, ruwa safe da yamma, fatar ta ƙi tauri har ta fara wari. Sai aka rataye ta da igiya a saman murhun matarsa, Inna Lami, ta yi sati uku tana shan hayaƙi. Inna Lami ta ce masa, "Malam, ranar da na rasa nama kada ka tambaye ni ina ta shiga."

Shitu ya fitar da farke biyu daga cikinta, ɗaya ya fere shi siriri, ɗaya ya bar shi da kaurinsa, kowanne da zobensa. Ina gidan ranar da Kawu ya gwada su. Babu wanda ya suɓuce masa. Amma zoben ya hana farke juyawa a hannu yadda aka saba. Siririn yana lanƙwasa, don haka yana wucewa ƙasa ya dawo sama, ana iya kiɗan sauri da shi, sai dai muryarsa ba ta kai bakin ƙofa ba. Mai kaurin ya fitar da amon garaya sosai, har maƙwabta suka leƙo, amma ƙasa kaɗai yake tafiya. In ya zo dawowa sai ya harɗe da tsirkiya.

Hamani ya ce, "Ɗauki siririn. Biki rawa ake so."

Kawu ya sake kaɗa kowanne sau biyu, ya kasa kunne. Sannan ya miƙa wa Hamani siririn. "Riƙe, ko zai yi wa jitarka amfani."

Ranar bikin, bayan la'asar, aka kafa rumfa a layinmu. Kawu ya zauna a kan benci ya fara, a hankali, bugu ɗaya-ɗaya, kowanne yana fita da nauyinsa. 'Yan mata suka shiga fili, suka tsaya suna jiran kiɗan ya ɗau zafi. Bai ɗauka ba.

Wata ƙawar amarya ta ce, "Baba, a ɗan ƙara wuta mana."

"Iyakarta ke nan, 'yata."

Suka koma kujerunsu. Tsofaffin mata ne suka taso, su biyar ko shida, suna takawa sannu da mayafansu a kafaɗa. Iyatu tana zaune cikin lulluɓi, ta sa aka matso da kujerarta kusa da bencin. Ya yi kusan awa ɗaya yana kaɗawa bai tsaya ba. Da ya ajiye, Hamani ya karɓa da jita, 'yan matan suka samu rawarsu.

Bayan wannan gayyar biki ta ragu masa ƙwarai, don masu biki sauri suke so. Gidajen suna ba su daina kiransa ba, musamman inda akwai tsofaffi. Yakan je a wata sau ɗaya, wani lokaci sau biyu, ya zauna inda aka nuna masa, ya zura yatsa a zobe, ya kaɗa.