Makaɗin da Ke Cikin Fiyano

Shekara ashirin da biyu Yatsa Goma ya yi yana kaɗa wa mawaƙi ɗaya fiyano, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa yarda da kyautar da bai roƙa ba. Mutum ne da ko ruwa ka miƙa masa sai ya leƙa ƙasan kofin. Laƙabin ya samo shi tun yana saurayi, lokacin da ake cewa sauran makaɗa da yatsa shida suke aiki, shi kaɗai ke ba goman duka abin yi. Yanzu furfura ta ci rabin kansa, amma sunan bai bar shi ba.

Tsohon fiyanonsa kuwa, ba a cewa komai. Gefensa ɗaure da salatif, wayarsa sai an tokare ta da tsinken ashana, ga wani baƙin haƙori a tsakiyar jerin da ake dannawa, wanda ya mutu shekara goma sha biyar da suka wuce. Bai kai gyara ba, don bai yarda da masu gyara ba. Sai ya koya wa hannunsa na dama tsallake shi, ya taɓa na kusa da shi sau biyu da sauri ya wuce. Masu sauraro suka ɗauka salo ne, shi kuma bai ƙaryata su ba.

Wata safiya mawaƙin ya shigo ɗan sutudiyonsu rungume da dogon kwali.

"Yaya, ga sabo na kawo maka."

"Na ce maka tsohon ya yi mini laifi?"

Mawaƙin ya yi dariya, ya jona wuta, ya danna wani maɓalli, ya ɗora yatsa ɗaya tal a gefen hagu. Nan take ganga da jita da sauran kayan kiɗa suka tashi tare, ɗaki ya cika. Yatsa Goma ya dubi yatsan nan ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. In yatsa ɗaya zai yi wannan aiki, me za a yi da mai goma?

Ya ƙudura sai ya san abin nan ciki da waje kafin abin ya ci shi. Littafin da ya zo cikin kwalin harsuna bakwai ne, babu nasa, rubutun kuma kamar ƙafar tururuwa. Ya jefa shi a durowa. Kullum da sassafe sai ya zauna yana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gane aikinsa ya manna masa salatif ya rubuta da biro. Wannan sarewa, wannan ganga, wannan yana ɗaga murya, wannan kukan tsuntsu ne, Allah kaɗai ya san wa ya nema. Akwai wani ja a gefe. Ya danna, fitila ta yi ta ƙiftawa, babu sautin da ya fito. Ya ja tsaki ya ci gaba da gwajin sabuwar waƙarsu, sai da ya gama ya sake danna shi don ƙiftawar ta dame shi. A salatif ɗinsa ya rubuta: banza.

Rana ta biyar yana lalube a ɗan gilashin da ke nuna rubutu, ya taɓa wani wuri, sai fiyano ya kama kiɗa shi kaɗai. Sabuwar waƙarsu ce, wadda ba ta fita ba, wadda daga shi sai mawaƙin suka san ta. Yatsa Goma ya miƙe tsaye. To, biri ya yi kama da mutum. An kawo wani makaɗi a ɓoye ana koya masa, har ya bar sawunsa a ciki.

Da ya koma gida ya zayyana wa matarsa.

"Ka tambaye shi mana, Malam," in ji ta tana ninke kaya. "Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"In tambaye shi ya rantse mini? Sai na kama su hannu dumu-dumu."

Ya zare zare daga kwandon ɗinkinta. Kwana uku yana gitta shi a kan mayafin fiyanon kafin ya tashi, kwana uku yana tarar da shi yadda ya bar shi. Da wani ne da ya haƙura, amma shi cewa ya yi ashe ɓarawon ma mai wayo ne. Kullum kuma sai ya kunna kiɗan ya saurara da kunnen ƙiyayya, yana tsintar kurakurai, yana jin sanyi a ransa da kowane ɗaya. Laifi dai tudu ne.

Rana ta huɗu mawaƙin na shigowa Yatsa Goma ya tare shi.

"Zauna, ƙanena. In za ka sauya ni, ka faɗa mini a fuskata. Kuma don Allah ka samo wanda ya iya." Ya kunna kiɗan. "Ji hannunsa na hagu. Jan ƙafa yake, kullum yana bayan ganga. Ji nan, ya makara. Nan ma. Wannan ko dai tsoho ne, ko hannunsa ba lafiya. Da shi za ka hau dandamali?"

Mawaƙin ya matso kusa da fiyanon.

"Yaya, mayar da shi tsakiya."

Ya mayar. Kiɗan ya hau, ya zo daidai baƙin haƙorin nan, sai ya tsallake shi, ya taɓa na kusa sau biyu da sauri ya wuce.

"Wa kuma a duniya yake tsallake haƙorin nan?" in ji mawaƙin a hankali. "A wannan fiyanon lafiyarsa lau. Jan maɓallin da ka rubuta wa banza, ɗaukar kiɗa yake yi."

Yatsa Goma ya dubi salatif ɗin da ya manna a jan maɓallin.

"Shekara biyu ke nan ina jin hannun nan, Yaya. Ni nake jan waƙata ina jiransa. Na rasa bakin da zan faɗa maka, shi ya sa na nemo fiyanon da zai riƙe maka hagun, kai ka ji da dama. Ba ni da wani makaɗi, kuma ba na nema."

Yatsa Goma ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu, inda ya saba ɓoye shi har ga matarsa. Babban yatsan yana ɗan rawa kamar kullum. Kunya ta rufe shi, tare da baƙin cikin da ya fi kunyar nauyi, don duk abin da ya faɗa a kan makaɗin nan gaskiya ne.

Ya ja kujera ya zauna. Ya miƙa yatsa ya danna baƙin haƙorin, ya riƙe shi har sautin ya ƙare.

"Nuna mini maɓallin nan na yatsa ɗaya," in ji shi.