Lalla Zhor da Kuskus ɗin Ranar Gudu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tankaɗen gari a tsakar gidana a Azru, Na'ima, 'yar ƙawata Lalla Zhor, ta kira ni daga garin Asfi na bakin teku ta ce, "Inna Mbarka, Mama ta cika." Na ajiye rariya, na ce wanda ya ba mu ke shi ne ya karɓe ki, kuma can wurinsa dukkanmu muka nufa. Lalla Zhor, an kai ki makwancinki bayan la'asar ban samu zuwa ba. Tafiyar da nisa, gwiwoyina kuma kin san halinsu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. A aji huɗu karatuna ya tsaya, sai ki yi haƙuri da rubutun yadda kika saba haƙuri da mai shi.

Shekara ashirin da biyu muna dafa wa yara abinci a sansanonin hutun bazara na dajin nan, ke a na sama inda ake sauke 'ya'yan masuntan Asfi, ni a na ƙasa wajen yaran Miknas, garin zaitun. Rafi ne kawai tsakaninmu da 'yar gadar katako. Kullum da safe sai na ji muryarki daga tsallake: "Ke mai zaitun! Yau ma albasar kika ƙona? Har nan ƙaurin ya iso!" Ni kuma in ce, "Ya dai fi ƙarnin kifin sardin, Lalla Zhor!" Yara su yi ta dariya suna ɗauka, da yamma mu haɗu a kan gadar da butar shayi.

Kin san yara kamar ke kika haife su. Daga ragowar kwano kike gane wanda kewar uwa ta kama, ki kira shi ya taya ki ɓare wake har ya saki jiki. Wanda ya jiƙa shimfiɗarsa, ke kike wanke zanin ki shanya shi cikin tsummokin kicin don kada kowa ya sani. Ko biran da ke sace mana burodi ba ki taɓa jifansu ba, sai dai ki kai musu ɓawo can nesa da tantuna.

Kowace shekara sansanonin biyu suna gasar gudun miƙa sanda, yara goma sha biyu-biyu, daga marmaro zuwa filin tuta. Shekarar da gasar ta ƙare da jifa har aka fasa wa wani goshi, ke kika kawo shawara: ranar gudu, masu gudun kowane sansani su tsallaka su ci abincin rana a wajen abokan karawarsu. Kika ce yaro ba ya jifan wanda ya zauna a tabarmarsa ɗazu. Aka gwada, ba a sake jifa ba. Ke kina ciyar da nawa, ni ina ciyar da naki, babu mai leƙa tukunyar wata.

Akwai abin da 'ya'yanki ba su sani ba, don ba ki taɓa faɗa musu ba. Ni zan faɗa.

Shekara huɗu a jere Asfi tana cin mu. Yaranmu har sun daina ɗaga kai idan an yi waƙar tsokana daga tsallake. A ta biyar ranar gudu ta faɗo Juma'a, sai zuciya ta raya mini abin da bai kamata ba. Na turara kuskus sau uku, na zuba naman rago mai kitse da kabewa da man shanu, na jera tulunan nono mai sanyi. Duk mai dafa abinci a ƙasar nan ta san abin da kuskus da nono suke yi wa mutum da tsakar rana. Yaranki suka zauna, ina zagayawa da ludayi ina cewa, "Ku ci, 'ya'yana, kuna gidan innarku ne. Kai, wannan lomar tsuntsu ce? Ƙara!" Suka ci har suka kasa tashi. A daidai lokacin ke kin ba wa nawa 'yar miya marar nauyi da gutsuren burodi da dabino uku-uku, kin kwantar da su a inuwa kina kore musu ƙuda.

Da aka busa usur bayan la'asar, yaran Asfi suka yi ta jan ƙafa kamar masu ɗauke da buhu. Btisam, yarinyar da ke riƙe muku sandar ƙarshe, wadda ba a taɓa wuce ta ba, ta tsuguna a tsakiyar hanya riƙe da ciki. Miknas ta ci. Aka ɗaga kofi ana ihu, ni kuwa na sulale na koma kicin.

Washegari da safe Si Bush'aib, shugaban sansaninku, ya zo wajen namu, Si Larbi, aka kira ni. Dokar a fili take: wanda ya yi maguɗi a gasar yara ya tattara kayansa, kuma babu sansanin da zai sake ɗaukarsa. Si Larbi bai ko kalli fuskata ba, ya ce motar burodi za ta sauke ni a gari da azahar. Murhun nan shi ne sana'ata tun rasuwar maigidana, kuma a Azru kowa zai san dalilin da aka dawo da ni. Sai ga ki kin shigo da garin fulawa a hannuwanki. Na ɗauka za ki rufa mini asiri ki ce kuskure ne. Kika ce, "Da gangan ta yi. Na san hannun Mbarka, ba ta zuba man shanu haka sai da manufa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kika ci gaba: "Amma idan kuka sa ta a mota a ɓoye, me yaran suka koya? Ta tsaya gabansu ta faɗa da bakinta. A sake gudun ranar Litinin. Kuma nawa a wajenta za su sake cin abinci."

Si Bush'aib ya ce, "Lalla Zhor, lafiyarki kuwa? To sai dai ki raka su ki tsaya a kanta."

Kika ce, "Ko gadar ba zan taka ba, Si Bush'aib. Ina da nata yaran da zan ciyar."

Da yamma na tsaya a filin tuta gaban yara ɗari biyu, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Sai Btisam ta ɗaga hannu ta ce, "Inna Mbarka, mun yafe. Amma in an gama gudun Litinin, za a sake yin irinsa?" Filin ya ɓarke da dariya, har Si Larbi. Yaranmu da kansu suka ɗauki kofin suka ajiye a tsakiyar gada, babu wanda ya sa su. Ranar Litinin na ba wa naki miya da dabino uku-uku, suka cinye mu da tazarar taku biyu, namu suka rungume su. Daga shekarar nan aka mayar da kuskus bayan gudu, sansani biyu a kwano ɗaya. Na ƙara shekara goma sha uku a murhuna, kuma ko a cikin tsokanarmu ta safe ba ki taɓa ambata mini ranar ba, ko sau ɗaya.

A watan Yuli yara za su dawo. An ce wata matashiya za a kawo a madadinki. Na riga na yanke: kafin in nuna mata inda itace yake, zan zaunar da ita in ba ta wannan labari tun daga farko, sannan in miƙa mata yarana goma sha biyu ba tare da na leƙa tukunyarta ba. Muddin ina iya riƙe ludayi, wannan al'ada ba za ta mutu a dajin nan ba.

'Ya'yanta Na'ima, Dris, Abdelhak, da jikokinta duka, da Si Bush'aib da mutanen unguwar masunta, ina yi muku ta'aziyya, ni ma ku yi mini. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Ya Allah, baiwarka Zhor ta ciyar da 'ya'yan mutane da amana, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka yafe mata kurakuranta. Ta tsaya mini ranar da ba ni da hujja, ya Allah ka tsaya mata ranar da babu mai tsayawa sai kai. Amin.

Mbarka Ait Lahsan, Azru