Yashin Malam Habibu ba na duba ba ne

Ina cikin ɗaure kayan wani ɗalibi a shago da safen nan aka kira ni, wai Malam Habibu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Sai da na nemi kwali na zauna.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti, shi ke nan.

Ban gama dawowa hayyacina ba sai ga wani a group ɗinmu na 'yan Arewa yana tambaya, wai ya halatta a sallaci mai bugun ƙasa? Bai kama suna ba, amma kowa ya san da wa yake. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Maƙwabcina ne a unguwar Cheras, nan Kuala Lumpur, ƙofa na kallon ƙofa. PhD yake yi a kan dodon koɗi na teku. Mutumin da sai da ya girma ya fara ganin teku.

Na san inda zancen ya samo asali. Yakan je bakin ruwa ya ɗebo yashi a buhu, ya wanke, ya shanya, ya tankaɗe da rariya. Sai ya baza a faranti yana tonawa da siririn buroshi, yana jera 'yan ƙananan katantanwa layi-layi a kan baƙin ƙyalle. To Bahaushe ya leƙo ya ga yashi, ya ga abu kamar wuri, ai ya gama yanke hukunci.

Ni dai Allah Ya yi ni da tambaya. Na shiga na ce, "Malam, wai me kake nema a cikin ƙasar nan?"

Ya ce, da salon maganar mutanen garin nan, "Alhaji, zauna lah, ka sa ido a nan."

Na leƙa microscope. Abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba sai ga shi kamar hasumiya, hawa-hawa, kowane hawa da jerin ƙurji-ƙurji kamar an zagaye shi da carbi. Na daɗe ban ɗago ba.

Ya ce yawancin katantanwa, in ka ɗaga tsinin sama ka fuskanci bakin, a dama yake. Waɗannan nasa a hagu. "Bahagwai ne," in ji shi. Danginsu Triphoridae, sunan da har yau harshena bai iya ba.

Na ce to ya ake bambanta su, tunda duk ɗaya suke? Ya yi dariya ya ce kamar yadda muke tambayar baƙo ne: wane gari, wace unguwa, ɗan gidan wa. Ana duba jerin ƙurajen, da launi, da siffar baki. Amma babban shaida shi ne ɗan tsinin can na sama, ƙoƙon da aka haife shi da shi. Wai daga nan ake gane ko ya yi yawo a cikin ruwa yana jariri, ko kuwa yana ƙyanƙyashewa ya kama rarrafe.

Tun ranar na zama ɗan aji, ba rajista.

Mutum ne da in aka kawo mini saƙo ba na nan, zai shigar da shi ɗakinsa kada ruwa ya jiƙa shi. Lokacin da iyalina suka tafi gida da azumi, kullum sai ya yo mini tapau, wato ƙunshin abinci, na buɗa-baki ya rataye a ƙofa, ba ya ko ƙwanƙwasawa. Juma'a tare muke hawa jirgin ƙasa zuwa masallacin Kampung Baru, kuma shi ke azalzala ta don kada mu rasa huɗuba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a mamak ne, wurin shan shayi, makon jiya. Ya ce ya samu wani dodon koɗi da tsininsa bai dace da na kowa ba. Na ce sabo ne ke nan? Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Alhaji. Ba zan ba shi suna ba sai na tabbatar ba shi da wani sunan. It's not fair."

Na gaya masa abin da ake faɗa a kansa. Ya juya shayinsa ya ce, "Ƙofata a buɗe take. Kai kaɗai ka taɓa shigowa ka tambaya."

Wannan magana tana ci na yau.

Ɗazu matarsa, Maman Hanifa, ta aiko a kira ni. Ba ta tambayi zancen takardu ba, ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "Alhaji, na ji abin da ake cewa. Mutane za su zo kuwa?"

Na ce mata za su zo, har wuri ya yi kaɗan.

Za a yi jana'iza bayan La'asar, zan sa wurin a group. Duk wanda ke KL ya rufe shago, ya bar lecture, ya zo. Don Allah kada ku sa na yi wa matar nan ƙarya a ranar da ta rasa mijinta.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.