Magen Inna Mai Dogayen Ƙafafu

Yayana direban babbar mota ne, shi ke ɗauko shanu daga arewa zuwa Yawunde. Wata rana ya shigo gidanmu a unguwar Birketeri da hularsa a hannu, wani abu yana motsi a ciki. Ya ce a bakin hanya ya tsince ta, inda aka cinna wa ciyawa wuta, ba uwa ba 'yan'uwa. Inna, mahaifiyarmu, ta leƙa ta ce ai mage ce, ta karɓe. A gidanmu kuwa in Inna ta faɗi abu, an gama magana.

Da cokalin shayi ta riƙa ba ta madara. Ni ina ɗinki a tsakar gida, kullum cikin faɗa nake, don atamfar mutane magen ta mayar shimfiɗarta. Amma wallahi ni ma ta shiga raina. Jikinta ja-ja ne da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa mata tawada, ga kunnuwa kamar ludayi.

Kafin damina ta fita ƙafafu suka soma tsawo, wutsiya kuwa ta ƙi. Na ce Inna, wannan mage taki ko kukan mage ba ta iya ba. Ta ce ni ma ai ban iya miyar kuka ba, kuma ba a kore ni daga gidan ba. Ɓeraye suka ƙare a ɗakunanmu, suka ƙare har a rumfar mai soya, wato tsire, ta ƙofar gida. Sai magen ta tsaya cak a bakin kwata, ta karkata kunne, ta yi tsalle ta dira a kan abin da mu ba mu ma ji motsinsa ba. Ranar da ta cafke tantabara a sama da igiyar shanya, sai da na saki almakashi.

Muna da maƙwabci baduku, mutumin Kano, mai ɗinka gidan laya da kuben wuƙa. Ya tsiri zuwa gaishe da Inna, bakinsa na gaisuwa idonsa na kan fatar nan. Da ya fito fili ya nemi a sayar masa, Inna ta tuna masa malamai sun hana cin kuɗin mage. Ya ce ai wannan naman daji ce, hanin bai shafe ta ba. Inna ta ce abin da ke shan ruwa a bakin butar alwalarta, yake kwana a kan dardumarta, mage ce, ya je ya tambayi liman in yana so. Bai je ba.

Matsalar daga kaji ta zo. Aka rasa na wannan gida, aka rasa na wancan, ƙorafi har daga wajen unguwar Nkomkana, inda na rantse ba ta taɓa takawa ba. Wata safiya na tarar da tsoka a gindin katanga, tana warin maganin ɓera. Raina ya ɓaci, na fita na zazzaga wa layin nan masifa har muryata ta dushe. Amma na san in na share yau, gobe ba lallai in riga magen gani ba.

Yayana ne ya je ya sanar da ma'aikatan gandun daji. Suka turo wata mata Bafulatana mai sanyin magana, tana Hausa tana haɗawa da Faransanci. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta daɗe tana kallon dabbar. Ta ce irinta suna raguwa a arewa, wuta na cinye ciyawar da suke haihuwa a ciki, mafarauta na bin fatarsu. Akwai wani fili mai shinge da doguwar ciyawa inda ake ajiye waɗanda suka tashi a hannun mutane, wasu har su koma daji. Sai dai, in ji ta, ita ba ta da ikon ɗaukar magen gida. Ta kalli Inna tana jira.

Na zaci za mu sake jin karatun nan na buta da darduma. Inna ta sosa wa dabbar bayan kunne.

"Ba mage ba ce, 'yata," ta ce. "Tun tana cikin hula na sani."

Ashe duk watannin nan da gangan take. Na juya na shiga lalubar zare a akwatin keken ɗinki, don kada a ga idona.

Da kanta ta shimfiɗa dardumar a cikin akwatin katakon da suka kawo, dabbar ta bi ta kwanta. Baduku ne ya kama gefe ɗaya har mota, yana ta gyaran murya.

Ɓeraye sun dawo kafin sati ya zagayo, na kuwa yi mita son raina. Inna ko a jikinta. Duk sa'ad da yayana zai tafi arewa sai ta ce masa, in ya ga ciyawa na ci da wuta, ya rage gudu.